Tsakanin Tashar Jirgi da Ƙofar Shago

Shekara 11 ke nan ina riƙe da littafin shigar kaya da fitarsu a wani ɗakin ajiya na 'yan sari a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, inda muke sayar da shinkafa da sukari da fulawa da man girki ga masu shagunan cikin gari da na ƙauyukan kewaye. A tsawon wannan lokaci na gane wani abu da ban zata ba sa'ad da na fara aikin, wato buhun shinkafar da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya hau jirgin ƙasa ya yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin ya iso mana, babu inda yake ba mu wahala kamar ɗan taƙin da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa ta garinmu da ƙofar ɗakin ajiyarmu, tazarar da mai lafiya zai taka da ƙafa bai ji gajiya ba.

Wata ranar Alhamis cikin watan Agusta, shekara biyu da suka wuce, ana tsakiyar damina, aka loda mana buhu 600 na shinkafa a kan wata babbar mota, tan 30 cif, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Tun daren Laraba muka ji cewa kayan sun sauka daga tarago, amma babu wanda ya iya gaya mana ƙarfe nawa motar za ta samu fitowa, saboda haka maigidana ya sa na tara 'yan dako tun bayan sallar asuba. Suka zauna a bakin ƙofa har hantsi ya dubi ludayi, babu mota babu labarinta, kuma da yake ɗan dako abin da ya ɗauka a yini shi yake kai wa iyalinsa, sai suka ba ni haƙuri suka tafi wani aiki da ya samu a layin baya. Motar ba ta shigo ba sai wajen ƙarfe 11, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, ta kuma tarar da wata motar siminti a tsaye daidai wurin da ya kamata ta tsaya. Direban, wani dattijo mai yawan shiru, ya zagaya sau biyu, a na uku ya haƙura ya tsaya rabin motar a kan titi, nan da nan 'yan moto, wato masu baburan haya, da masu kurar hannu suka cunkushe a bayansa, kowa yana danna oda. Kafin in sake tattaro 'yan dako an kira azahar, kafin a sauke rabin kayan hadari ya haɗo daga gabas, muka ja tamfol da gaggawa amma duk da haka buhu 14 suka jiƙe. Ba mu rufe ƙofa ba sai bayan isha'i.

Da na kai wa direban takardar shaidar karɓar kaya, na same shi zaune a kan matakin motarsa yana shan shayin da karen motar ya dafa masa, sai ya ce da ni, "Malam, ni tafiya ba ta gajiyar da ni, tsayuwa ce ke gajiyar da ni. Da an ce mini in zo ƙarfe biyu, da na kwanta na huta na zo ƙarfe biyu, yau kuma ga lodin Garwa ya wuce ni." Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin a duk abin da ya faru ranar babu wanda ya cuci wani, babu kuma wanda ya yi ragwanci. Direba ya yi aikinsa, 'yan dako sun yi nasu, mai siminti ma haƙƙinsa ne ya sauke kayansa. Abin da muka rasa labari ne da bai fi cikin saƙon waya ɗaya ba, kuma rashinsa ya ci mana yini guda, ya ci wa direba lodi guda, ya toshe wa jama'a hanya na sa'o'i.

Tun daga ranar nake sauraron maganar "birni mai basira" da wani kunne daban. Kalmar ta yawaita a rediyo da tarukan hukuma, galibi da Faransanci, kuma abin da ake nufi da ita shi ne garin da ake dasa wa na'urori masu gani da ƙirga, a kan tituna da fitilu da bututun ruwa da motoci, su riƙa aika bayani ta intanet zuwa ga kwamfutocin da za su tace shi, domin masu tafiyar da gari su yanke shawara bisa abin da ke faruwa a wannan sa'a maimakon ƙiyasi. Misalan da aka fi kawowa su ne Singafo, wadda tun 1998 take cire wa mota kuɗin shiga titi mai cunkoso ta hanyar na'ura ba tare da an tsayar da ita ba, da kuma Landan, wadda ta sa harajin shiga tsakiyar gari a 2003 tana amfani da kyamarori masu karanta lambar mota. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ke damuna shi ne idan maganar ta iso wajenmu sai ta tsaya a kan kyamara da fitilar ba da hannu da babban allo mai haske, a manta cewa gari ciki gare shi, kuma duk abin da ke shiga cikin nan a kan mota yake zuwa, a kan kai da kafaɗar mutane yake sauka.

Ngaundere kuwa ba ta da uzurin mantawa da kaya, domin kaya ne suka mai da ita abin da take a yau. A 1974 layin dogo ya iso nan daga Yawunde, tafiyar kilomita 622, ya tsaya, kuma har yau bai wuce ba, ko da yake an daɗe ana zancen miƙa shi zuwa Njamena. Saboda haka duk abin da jirgi ya ɗauko domin Garwa da Marwa da Kuseri, da kaso mai yawa na abin da Cadi ke shigowa da shi daga teku tunda ita ba ta da gaɓa, a nan ake sauke shi a mai da shi kan manyan motoci. Wasu su bi hanyar arewa, su sauka gangaren Mbe da direbobi ke kira falez, su haye Binuwai a Garwa, su miƙe har gadar Ngeli da ke kan kogin Logon tsakanin Kuseri da Njamena. Wasu kuma su yi gabas ta Tuboro zuwa Mundu. A dawowa auduga da shanu da albasa da gyaɗa su bi ta nan zuwa kudu. Kayan da ke wucewa da kayan da garin zai ci duk a tituna ɗaya suke gogayya, da ɗalibai masu zuwa makaranta, da mata masu zuwa cefane.

Doguwar tafiyar ta riga ta samu rabonta na fasaha. Fiye da shekara 10 ke nan hukumar duwan, wato kwastan, ta Kamaru tana maƙala na'urar GPS a motocin da ke ratsawa da kayan Cadi da na Afirka ta Tsakiya, domin ta ga inda suke ta kuma tabbatar ba a karkatar da kayan cikin ƙasa ba. A 2020 ta koma sabon tsarin kwamfuta mai suna CAMCIS wajen takardun fito. Akwai sikelin auna motoci a kan hanya, inda doka ta ƙayyade wa babbar mota tan 50 gaba ɗaya, akwai kuma ofishin BGFT a Kamaru da takwaransa BNFT a Cadi, masu ba da takardar lodi da kula da yarjejeniyar da ta ba motocin Cadi kashi 65 cikin 100 na kayan hanyar, na Kamaru kashi 35. Ke nan kwantenar da ta kama hanyar Njamena akwai idon da ke bin ta dare da rana. Amma da zarar kaya sun zama na cikin gari sai su faɗa cikin duhu, babu wanda zai iya cewa mota nawa ce za ta shiga layinmu gobe, balle ya ce wace za ta riga wace.

Inda na fi samun abin dubawa shi ne Legas, domin ciwonsu da namu iri ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. An yi shekaru manyan motoci suna jeruwa a kan titunan Apapa da gadojin da ke kaiwa can, direba ya yi kwanaki a cikin mota yana jiran shiga tashar jiragen ruwa, mazauna unguwa kuma su rasa hanyar zuwa gidajensu. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya ta fito da wani tsari mai suna Eto, wanda a cikinsa mai mota zai yi rajista, ya nemi gurbi ta waya, ya ajiye motarsa a garejin da aka amince da shi, kuma ba zai hau titin tasha ba sai an kira shi. Tsarin bai tsira daga ƙorafi ba, jaridun can sun sha kawo koke-koken direbobi game da masu sayen gurbi su sake sayar da shi da tsada, amma tushensa daidai ne, kuma akwai wani abu a cikinsa da masu ɗokin manhaja kan tsallake, shi ne kiran waya ba shi da amfani muddin babu filin da mota za ta tsaya ta jira kiran.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, takan ba mu labarin yadda ayarin fatake ke isowa gari a zamanin iyayenta, waɗanda fatauci ne ya kawo su ƙasar Adamawa suka zauna a ƙarƙashin Lamido. Ayari ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye da jakunansa da 'yan alaronsa. A zango yake sauka a bayan gari, madugu ya aika a sanar da fatoma, wato mai masaukin da ya san wane ɗan kasuwa ke neman goro, wane ke neman kanwa, wane ɗaki ne babu kaya a ciki, sa'an nan a shigo da hajar kashi-kashi gwargwadon abin da gari zai iya karɓa. Idan aka cire jakuna aka sa motoci, aka cire ɗan aike aka sa saƙon waya, abin da Legas ta yi ƙoƙarin ginawa ke nan. Shi ya sa a ganina, idan ana son Ngaundere ta zama birni mai basira ta fuskar kaya, da zango ya kamata a fara: fili mai katanga a bakin hanyar Garwa, da wani kusa da tasha, a samar da ruwa da makewayi da wurin salla da mai gadi, masu abinci kuwa da kansu za su zo, sai ɗan ofishi mai kwamfuta ɗaya da faifan hasken rana a kan rufi. Direban da ya san akwai inda zai yi wanka ya miƙe ƙafa, ya kuma san ba za a tsallake layinsa ba, ba shi da dalilin kutsawa cikin kasuwa da rana tsaka domin ya kama wuri.

Bayan zango sai bakin shago. A Basalona ta ƙasar Sifen an ware gurabe a gefen titi domin lodi da saukewa kaɗai, kuma tun 2015 direba yana shaida isowarsa ta manhajar waya, a ba shi galibi minti 30, hukuma kuma tana ganin wane gurbi ne ke cika da kuma lokacin da yake cika. Na yi dogon tunani a kan wannan, na kuma gane cewa duk wanda ya kwafo shi yadda yake ya kawo mana zai yi ɓarna, domin minti 30 lissafin ƙaramar mota ce mai ɗauke da kwalaye a jere a kan katako, da injin ɗagawa a bayanta. Mu kuwa buhu 600 a kan mutane yake sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu suna saman mota suna ɗorawa, sauran suna sassarfa zuwa ciki da tsohon buhu naɗe a ka don kada ya goge musu wuya, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina miƙa wa kowane ɗan dako tsinke ɗaya a kan kowane buhu, wanda da shi za a yi lissafin kuɗinsa da yamma. Ko mutum 12 ne suke aikin, da wuya ya kasa awa uku. Gurbin da zai yi mana amfani na rabin yini ne, ɗaya daga asuba zuwa hantsi, ɗaya bayan azahar, a kuma bar lokacin da kasuwa ta fi cika ba tare da babbar mota ko ɗaya ba. Fenti da allo da mutum guda mai littafi sun isa a fara. Na'urar da ke gane ko gurbi a cike yake tana iya zuwa daga baya, idan jama'a sun ga amfanin abin.

Wayar da za a yi wannan aiki da ita ma abin lura ce. Yawancin direbobi da 'yan dakon da na sani ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, wadda cajinta ke kwana uku, amma da wuya ka samu wanda bai iya danna #150# na Orange Money ko *126# na MTN MoMo ya karɓi kuɗi ko ya tura gida ba. Tsarin da aka gina a kan irin wannan lamba zai shiga hannun kowa cikin ɗan lokaci, wanda kuwa aka gina a kan babbar waya da rubutun Faransanci zai tsaya a hannun 'yan boko da masu wayon shiga tsakani, su zama sabuwar ƙofar da sai an biya kafin a wuce. A layinmu da Fulatanci ake ciniki, da Hausa, da Larabcin Cadi idan direbobin Njamena sun sauka, kuma abin da ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu haka shi ne bai tambayi kowa ko ya yi makaranta ba.

Na taɓa kai wannan magana wurin shugaban 'yan dakon layinmu, dattijon da ya fara ɗaukar kaya tun ina goye, wanda yanzu ba ya ɗauka sai dai ya raba aiki ya kuma sasanta rigima. Na ce masa, "Baba, da za a kawo na'urar da za ta riƙa gaya muku ƙarfe nawa mota za ta zo da buhu nawa ke kanta, yaya kake gani?" Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ɗana, in za ta faɗa mana gaskiya muna so, domin yaran nan zaman jira ne ke cinye musu yini. Amma ka tambayar mini, wa zai riƙa cewa wane ne zai ɗauka? Ni na san wanda bayansa ke ciwo, na san wanda matarsa ta haihu shekaranjiya yana neman kuɗin suna, na san wanda in aka ba shi sukari sai buhu ya fashe. Na'urar ta san wannan?" Ban ba shi amsa ba a ranar, domin gaskiya ya faɗa. Abin da na tsaya a kai daga baya shi ne labari ya riƙa isa gare shi da wuri, hukunci kuma ya zauna a hannunsa. Kowace sana'a a wannan gari tana da irinsa, daga 'yan moto zuwa masu kura zuwa ƙungiyar direbobi da muke kira sandika, kuma a kansu ne bayanin zirga-zirgar garin yake a tare tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Injiniyan da ya zo da tsarinsa bai zauna a tabarmarsu ya tambaye su ba, zai kashe kuɗi mai yawa wajen gano abin da za su gaya masa kafin shayi ya huce.

Kashi na biyu na tafiyar kaya, daga ɗakin ajiya zuwa ƙananan shagunan unguwa, matsalarsa daban ce. Buhu 5 zuwa Baladji, jarka 10 zuwa Bamyanga, katan 20 zuwa Dang kusa da jami'a, duka a kan babur mai ƙafa uku, ko kurar hannu da muke kira pus-pus idan wurin na kusa ne. A nan adireshi ne babu. Abin da nake rubutawa a takardar rakiya shi ne irin su "bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, shago mai koriyar ƙofa kusa da mai injin niƙa", kuma ranar da yaron da ya saba kaiwa ba ya nan, sabon zai yi ta kira yana tambaya, kati ya ƙare, mai ya ƙone, wani lokaci ma ya dawo mana da kayan. Ƙasar Gana ta gwada maganin wannan a 2017 da tsarin GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar gaba ɗaya zuwa ƙananan murabba'ai, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa, kuma taswirar Google tana ba da irin wannan lamba kyauta ga duk wurin da mutum ya tsaya. Na fara tattara lambobin abokan cinikinmu a bayan littafina, duk shagon da na je da kaina sai in tsaya a ƙofarsa in ɗauka. Sai dai lamba ba ta faɗin cewa ruwa ya cinye layin bayan makarantar allo, ko kwalbatin gaba ya rufta, saboda haka biyu nake rubutawa, lambar da kuma kwatancen da muka gada.

Ana yawan ba da shawarar a mai da sauke kaya cikin dare, kamar yadda birnin Niyu Yok na Amurka ya gwada a 2009 da 2010 aka ga motoci sun fi saurin gama zagayensu. A nan ban ga zai yiwu ba sai an wadata da fitilar titi da tsaro, in ban da lokacin da ke tsakanin asuba da fitowar rana, wanda dama shi ne mafi albarka a wurinmu. Jirage marasa matuƙa kuma, irin waɗanda Ruwanda ta fara kai jini asibitoci da su a 2016, aikin ceton rai suke yi, kuma ina girmama shi, amma babu abin da ya haɗa su da buhu mai kilo 50. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da Faris ta yi a 2018, da ta buɗe wani katafaren ginin tara kaya a unguwar Shafel da ke arewacin birnin, wanda aka tsara domin jirgin ƙasa ya shigo da kaya har cikin gari, ƙananan motoci su kwasa su rarraba. Dukiya mai yawa suka zuba suna neman abin da mu muke da shi tun 1974, wato layin dogo a bakin kasuwa. Abin da ya rage mana shi ne rumbun haɗaka kusa da tasha, inda za a tara kayan ƙananan 'yan kasuwa bisa unguwar da za su je, babur ɗaya ya tafi Baladji a cike maimakon huɗu su tafi da rabi-rabi.

Akwai kuma motar da ke komowa wayam. Direban da ya kai kaya Marwa ko Kuseri, idan bai samu lodin dawowa ba, kuɗin man zuwa da na komowa duk a kan kayan farko za a ɗora shi, kuma ƙarshensa a kwanon awon mai iyali yake sauka, alhali a daidai wannan rana wataƙila akwai manomin albasa a kusa da Marwa da ke neman motar da za ta kai masa amfaninsa kudu kafin ya fara ruɓewa. Kamfanoni irin su Kobo360 a Najeriya da Lori a Kenya a kan wannan giɓi aka kafa su, su haɗa mai kaya da mai mota ta waya. A wurinmu 'yan kamasho ne ke yin aikin da ƙwaƙwalwarsu da sanayyarsu, kuma allo ɗaya a zango mai nuna wace mota ce za ta koma ina, da yaushe, zai ƙara musu hannu ne.

Abubuwa biyu suna iya rusa duk wannan. Na farko wuta ce. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982, kuma idan ruwanta ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage abin, amma duk tsarin da zai mutu idan wuta ta ɗauke ko layin waya ya yanke bai dace da mu ba, dole ne ya zama yana da batir ɗinsa, da kuma littafin takarda a gefe da za a ci gaba da shi. Na biyu, wanda ya fi nauyi, amana ce. A Toronto ta ƙasar Kanada wani kamfani ɗan'uwan Google mai suna Sidewalk Labs ya tsara wata unguwa mai cike da na'urori, har da hanyoyin kai kaya ta ƙarƙashin ƙasa, amma mazauna birnin suka yi ta tambayar wa zai mallaki bayanan da za a tara a kansu, kuma a watan Mayun 2020 kamfanin ya janye, yana mai kafa hujja da halin tattalin arziki. Idan mutanen Toronto sun yi wannan tambaya, ɗan kasuwar Ngaundere ya fi su dalilin yin ta. Tun da aka sa harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya a 2022, mutane sun ƙara fahimtar cewa abin da ya bi ta waya ba ɓoyayye ba ne, kuma tambayar farko da maigidana ya yi mini ita ce, "In na rubuta buhu nawa ke shigo mini, wa zai gani?" Ba ina kare mai gudun haraji ba ne, haraji haƙƙi ne kuma da shi ake gyara titin da muke bi. Amma tsarin layin motoci ba ya bukatar sanin farashi ko ribar kowa. Lambar mota da girmanta da sa'ar zuwanta da gurbin da za ta tsaya sun ishe shi, kuma ya kamata a rubuta haka a fili, a karanta wa 'yan kasuwa da harshen da suke ji, kafin a nemi kowa ya sa hannu.

Da daminar bara ta wuce, mu masu riƙe da littafi a ɗakunan ajiya biyar na layinmu muka buɗe zaure ɗaya a WhatsApp, muka sa direbobin da suka saba kawo mana kaya, muka sa shugaban 'yan dako ta wayar ɗansa. Kullum bayan magariba kowa yakan faɗa da murya motar da yake tsammani gobe da abin da ke kanta, idan biyu sun yi karo a sasanta wanda zai ɗauki safe da wanda zai ɗauki yamma, ni kuma da asuba in rubuta jerin da alli a wani baƙin allo da muka kafa a bangon mai shayi, da boko a dama, da ajami a hagu, domin dattawan 'yan dako ajami suka fi karantawa. Tun daga lokacin 'yan dako sun daina zaman asuba a banza, kuma sau biyu kawai motocinmu suka haɗu a ƙofa ɗaya. Iyakar ƙarfinmu ke nan. Ba mu da hanyar sanin sa'ar da mota za ta fito daga tasha sai direba ya kira, ba mu da ikon hana baƙuwar mota tsayawa a inda muka tanada, ba mu kuma da filin da za mu ce wa wanda ya riga lokacinsa ya je ya jira. Saboda haka muka rubuta takarda zuwa ofishin magajin gari muna roƙon a shafa mana fenti a gurabe biyu, a ba mu ma'aikaci ɗaya, a gwada na wata uku daga Nuwamba idan ruwa ya ɗauke, mu kuma za mu riƙa miƙa lissafin motocin da suka shigo da tsawon tsayuwar kowace. Shugaban 'yan dako ne ya fara dangwala yatsa a kanta, 'yan kasuwa 9 sun sa hannu, saura mai siminti da masu shagunan bakin kwana, waɗanda zan bi ranar Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu.